Iya Ruwa Fid Da Kai: Ranar Farko a Wurin Koyon Hawan Igiyar Teku

 

Dogon hutu ya ƙarato, kuma mun san akwai waɗanda tuni suka fara haɗa jaka. Wasu za su tafi Legas wurin 'yan uwa a Agege, Idi-Araba ko Obalende. Wasu kuma har Kwatano, Lome ko Akra za su kai. Duk garuruwan nan a bakin tekun Atlantika suke, kuma da wuya baƙo ya je ya dawo ba a kai shi ya ga teku ba.

Yawancinmu ruwan da muka sani shi ne rafi, da dam, da kududdufin bayan gari. Wanda ya iya iyo a waɗannan wuraren yakan ɗauka ya gama sanin ruwa. To, teku halinsa daban ne, kuma rashin sanin halin nasa yana cin rayuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a ruwa a shekarar 2021, kuma akwai yara da matasa da yawa a cikinsu. Har an ware ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara domin wayar da kan jama'a a kan wannan matsala.

Shi ya sa a wannan fitowa muka zaɓi mu bayyana muku yadda rana ɗaya take tafiya a wurin koyon hawan igiyar ruwa. Mu huɗu daga kulob ɗin nan mun yi irin wannan ranar a Legas a hutun Disamba, tare da kawun ɗaya daga cikinmu. Abin da muka lura shi ne, tsayuwa a kan allon hawa 'yan daƙiƙoƙi ce kawai. Sauran ranar duk ta tafi ne a koyon numfashi, da koyon kallon ruwa, da koyon faɗuwa. Waɗannan darussa kuwa za su amfani kowa, har wanda ba shi da niyyar taɓa allon.

Wane irin wasa ne?

Mutum yana kwantawa ruf da ciki a kan wani dogon allo da ba ya nutsewa, ya tuƙa da hannuwansa, ya jira igiyar ruwa ta taso ta bayansa. Idan ta ɗauke shi sai ya miƙe tsaye, ta yi ta tura shi zuwa gaɓa. Babu inji a jikin allon, ƙarfin ruwa ne kaɗai ke tafiyar da shi.

An fi sanin wasan da mutanen tsibiran Hawayi da ke tekun Fasifik, inda sarakuna da talakawa suka daɗe suna yin sa. Wani ɗan Hawayi mai suna Duke Kahanamoku, wanda ya ci lambar zinariya a gasar ninƙaya ta Olamfik a 1912, ya taimaka ƙwarai wurin yaɗa shi. A ƙarshen 1914 ya je Ostireliya ya nuna wa jama'a yadda ake yi.

Amma kada mu ɗauka baƙon abu ne a yankinmu. A shekarun 1830 wani Bature ɗan Birtaniya, James Alexander, ya rubuta cewa ya ga yara a Akra suna shiga teku da 'yan katakai marasa nauyi a ƙarƙashin cikinsu, suna jiran igiyar ruwa ta kawo su gaɓa. A yau ana koyar da wasan a Busua da Kokrobite a Gana, da tsibirin Ngor a Dakar, da Taghazout a Maroko. A Senegal akwai wata mata, Khadjou Sambe, da ta yi suna a wasan, tana kuma koya wa 'yan mata.

Wasan ya shiga gasar Olamfik karo na farko a Tokiyo a 2021. Wanda ya ci zinariya a ɓangaren maza, Italo Ferreira na Birazil, ɗan mai sayar da kifi ne, kuma da murfin akwatin soso da mahaifinsa ke ajiye kifi ya fara koyo.

Hanyar zuwa

Wurin da aka kai mu shi ne Tarkwa Bay, kusa da mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas. Mota ba ta zuwa can, sai kwalekwale mai inji, tafiyar kamar minti 20. Darasin farko tun a nan yake farawa: kowa ya sa rigar ceto, ya ɗaure ta sosai, ya zauna inda aka ce masa. Idan kwalekwale ya cika maƙil ko babu rigar ceto, a jira na gaba.

Abin da ya sa masu koyo ke son wurin shi ne wata doguwar katangar duwatsu da aka gina cikin teku tun zamanin Turawan mulki domin kare hanyar jirage. Katangar tana rage ƙarfin ruwan da ke shigowa, don haka igiyoyin wurin sun fi na sauran gaɓar Legas sauƙi. Daga kan yashi ana hango manyan jiragen dakon kaya suna wucewa zuwa Apapa.

Yoga a kan yashi

Ana farawa da sassafe kafin rana ta yi zafi, kuma da safe iska ba ta cika hargitsa ruwa ba. Duk wanda ya zo yana ɗokin faɗawa ruwa sai ya ji an ce ya shimfiɗa tawul a kan yashi. Minti 30 na farko na yoga ne.

Yoga daga Indiya ya samo asali, shekaru aru-aru da suka wuce, kuma a can yana da alaƙa da addinan mutanen ƙasar. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware masa ranar 21 ga Yuni, an fara bikin a 2015. Saboda asalin nasa, Kawu bai bari mun fara ba sai da ya tambayi mai horarwar abin da za a sa mu yi. Aka ce masa miƙar jiki ce da atisayen numfashi kawai, babu wasu kalmomi da za a maimaita. Sannan ya amince. Muna ganin haka ya kamata kowa ya yi: a tambaya tukuna, abin da zuciya ba ta kwanta da shi ba a bar shi.

Kowane motsi da aka koya mana yana da aikinsa a cikin ruwa. Ga guda biyar:

1. Gamsheƙa. Ka kwanta ruf da ciki, ka dafa ƙasa da tafukan hannu kusa da ƙirji, ka ɗago kai da ƙirji kamar maciji ya fasa kai. Haka mai hawa yake ɗagowa kafin ya miƙe a kan allo.

2. Katako. Ka tokare da hannuwa da yatsun ƙafa, jiki a miƙe sak. Yana ƙarfafa ciki da kafaɗu. Daƙiƙa 20 kacal, amma hannu sai rawa.

3. Miƙar kare. Hannu da ƙafa a ƙasa, ƙugu a sama, kamar yadda kare ke yi idan ya tashi daga barci. Yana sassauta bayan ƙafa da gadon baya.

4. Jarumi. Ƙafa ɗaya gaba, ɗaya baya, gwiwar gaba a lanƙwashe, hannuwa a buɗe. Kusan haka ake tsayuwa a kan allo.

5. Bishiya. Ka tsaya da ƙafa ɗaya kamar zalɓe. A kan yashi mai laushi abin ya fi wuya, kuma nan ake gane cewa wanda ya kafa ido a wuri ɗaya a gabansa ya fi daɗewa a tsaye fiye da mai kallon ƙafarsa.

Daga ƙarshe sai numfashi. Ka ja iska ta hanci kana ƙirga huɗu a zuci, ka sake ta a hankali kana ƙirga shida. Fitar da numfashi a hankali yana rage bugun zuciya. Mai horarwar ya ce mana a cikin duk abin da muka yi wannan ne ya fi muhimmanci, domin wanda ya firgita a ruwa yakan yi ta fafutuka har ƙarfinsa ya ƙare, wanda ya riƙe numfashinsa kuwa yana samun damar yin tunani.

Karatun teku

Bayan yoga ma ba a shiga ruwa. Ana zama a kan yashi a fuskanci teku kamar minti 10 ko 15, mai horarwa yana nuni da yatsa yana bayani. Ga abin da ake karantawa.

Na farko, igiyar ruwa. Iska ce ke haifar da ita. Guguwa takan kaɗa a can tsakiyar teku, nisan dubban kilomita, sai ta tura ƙarfinta cikin ruwa, ƙarfin ya yi ta tafiya kwana da kwanaki har ya iso gaɓarmu. Ku tuna gonar gero idan iska ta bi ta kanta. Za ku ga kamar wani abu yana gudu a saman gonar, alhali kowane kara yana nan inda yake. Haka igiyar ruwa take a wuri mai zurfi. Idan ta iso inda babu zurfi, ƙasanta sai ya rage gudu, samanta kuma ya ci gaba, sai ta tuntsura ta fashe ta zama farar kumfa. Igiya mai tsayin mita 1 takan fashe a inda zurfin ruwa ya kai kimanin mita 1.3.

Igiyoyin rukuni-rukuni suke zuwa. Manya za su zo a jere, sai ruwa ya lafa na ɗan lokaci, sai wasu manyan su sake tasowa. Baƙon da ya iso lokacin lafawar yakan zaci haka ruwan yake kullum. Shi ya sa ake cewa kada ka juya wa teku baya, ko da hoto kake ɗauka.

Kada kuma a raina nauyin ruwa. Ruwan da zai cika akwati mai tsawon mita 1, faɗin mita 1, tsayin mita 1, nauyinsa kilo 1,000 ne, wato buhun siminti 20. Igiyar da ba ta wuce ƙugu ba tana iya kayar da ƙato.

Na biyu, cikowa da janyewa. Wata da rana suna jan ruwan teku, shi ya sa yake cikowa sau biyu ya janye sau biyu a cikin kimanin awa 24 da minti 50. Tsakanin cikowa da janyewa akwai awa 6 da 'yan mintoci. Inda ka ajiye takalmi da safe a busasshen yashi, da rana yana iya zama cikin ruwa. Dutsen da ka taka ka hau cikin sauƙi, ruwa yana iya kewaye shi kafin ka sauko.

Na uku, kuma mafi haɗari, ita ce ƙoramar cikin teku. Duk ruwan da igiyoyi suka turo gaɓa dole ya koma. Wani lokaci yakan taru ya sami wata 'yar siririyar hanya tsakanin tudun yashin da ke ƙarƙashin ruwa, ko a gefen katangar duwatsu, ya riƙa kwarara zuwa cikin teku kamar ƙorama bayan ruwan sama. Gudunta yakan kai mita 2.5 a daƙiƙa ɗaya, wanda ya fi gudun zakaran ninƙaya na duniya.

Abin da ya sa take yaudarar mutane shi ne, wurin da take ya fi ko'ina kama da wurin lafiya. Hagu da dama igiyoyi suna fashewa da kumfa, ita kuma tsakiya shiru, ruwan ya fi duhu. Baƙo sai ya ce bari ya shiga nan inda babu hayaniya. Alamominta su ne: giɓi a tsakiyar layin kumfa, ruwa mai duhu ko mai launin yashi, da kumfa ko tarkace da ke tafiya zuwa cikin teku maimakon zuwa gaɓa. An fi ganin ta daga wuri mai tudu.

Idan ta ɗauke ka, ka sani ba ta jan mutum ƙasa, nesa da gaɓa take kai shi, kuma ƙarfinta yana raguwa a bayan inda igiyoyi ke fashewa. Kada ka yi kokawa da ita kana son komawa gaɓa kai tsaye, za ta gajiyar da kai. Ka kwanta rigingine, ka buɗe hannu da ƙafa, ka yi irin numfashin nan na safe. Ka ɗaga hannu ɗaya ka yi ihu a gan ka. In kana da ƙarfi, ka yi iyo ta gefe, wato ka bi tsawon gaɓa, domin yawanci ba ta da faɗi sosai. Idan ka fita daga cikinta sai ka bar igiyoyi su taimaka maka zuwa gaɓa.

Idan kuma wani ka gani ta ɗauka, kada ka faɗa ruwa ka bi shi, ko da ɗan uwanka ne. Sau da yawa mai zuwa ceto shi ma yakan halaka. Ka yi kururuwa, ka kira ma'aikatan ceto ko masunta ko masu allon hawa, ka jefa masa abin da ba ya nutsewa, kamar jarka marar komai mai murfi a rufe. Lambar neman agajin gaggawa a Najeriya ita ce 112.

Allo da sutura

Allon masu koyo da soso mai tauri ake yin sa, domin in ya bugi mutum kada ya ji masa ciwo sosai. Tsawonsa yakan kai mita 2.4 zuwa 2.7. Babban allo ya fi ƙarami sauƙin hawa, kamar yadda tsayuwa a kan benci ta fi tsayuwa a kan kujerar tsugunno sauƙi. A ƙarƙashinsa ta baya akwai 'yan fikafikai da ke hana shi karkacewa. Wasu allunan ana goga musu wani kaki irin na kyandir domin hana santsi.

Akwai kuma maɗaurin roba da ke haɗa allon da idon sawun ƙafar baya. Amfaninsa biyu: allon ba zai gudu ya bugi wani ba, kai kuma kullum kana da abin kamawa. Don a gane ƙafar da za ta kasance gaba, sai a ce ka tsaya, wani ya ɗan tura ka ta baya. Ƙafar da ka fara jefawa ita ce ta gaba.

Sutura ta zama mai kama jiki, marar shan ruwa da yawa: riga mai dogon hannu da dogon wando na roba. 'Yan mata suna iya ƙarawa da hular ninƙaya ko ƙaramin hijabi na wasanni da ke zama daram a kai. Zani, doguwar riga, babban hijabi ko wandon jins suna yin nauyi idan suka jiƙe, suna kuma naɗe ƙafa. A shafa man kare fata daga rana, domin baƙar fata ma tana ƙonewa.

Atisaye a busasshen yashi

Ana zana siffar allo a kan yashi, ko a ajiye allon kansa, a kwanta a kai. Mai horarwa yana tafa hannu, kowa ya miƙe. Matakan su ne: ka tuƙa da hannu, ka dafa allo kusa da ƙirji, ka ɗago kamar gamsheƙa, ka jawo ƙafafu ƙarƙashinka, ka tsaya a karkace da gwiwoyi a lanƙwashe, ido yana kallon gaba. Ana maimaitawa sau 15 ko 20 har jiki ya riƙe.

A nan ne kuma ake yi wa kowa tambaya: ka iya iyo? Wannan wuri ne na faɗin gaskiya. Jin kunyar abokai ba ya cikin lissafi. Wanda bai iya ba, ko dai ya tsaya a kan yashi, ko ya tsaya inda ruwa bai wuce gwiwa ba kusa da mai horarwa. Allo da maɗaurinsa ba sa maye gurbin iya iyo, domin maɗauri yana iya tsinkewa.

Cikin ruwa

Mai koyo ba ya wuce inda ruwa ya kai ƙugu. Farar kumfar igiyar da ta riga ta fashe ita ake hawa a ranar farko. Ana shiga ana riƙe da allo a gefe, hancinsa yana kallon teku. Ba a taɓa sa shi a gaba a gicciye, domin igiya za ta maka shi a fuskar mai shi.

Mai horarwa yana riƙe bayan allon, kai kana kwance kana kallon gaɓa. Za ka ji ƙarar kumfa tana matsowa ta bayanka. Sai ya tura ka ya ce, "Tashi!" Yawancin mutane a karon farko ko gwiwa ba sa kaiwa. A cikinmu wadda ta fara tsayuwa sai a karo na bakwai ta yi, ta daɗe kamar daƙiƙa uku, mu kuma muka yi ta tafi kamar ta ci kofi. Ɗayanmu har aka tashi bai wuce durƙuso ba, kuma mai horarwar ya ce wannan ba komai ba ne a ranar farko. Da koyo akan iya.

Ruwan zai shiga hanci da baki. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, kusan ƙaramin cokali shida. Gishirin yana sa jiki ya ɗan fi tasowa sama fiye da a rafi, amma yana sa ido zafi, kuma shan ruwan ƙara ƙishirwa yake yi. A riƙa fitowa ana shan ruwa mai kyau ko da ba a ji ƙishi ba.

Faɗuwa ma koyon ta ake yi. Ba a faɗawa da kai, domin ruwan ba zurfi, wuya yana iya bugun yashi. Ana faɗawa ta baya ko ta gefe, jiki a baje, nesa da allo. Kafin ka ɗago sai ka rufe kanka da hannuwa, don ba ka san inda allon yake ba. Idan igiya ta juya ka a ƙarƙashin ruwa, ka saki jiki. 'Yan daƙiƙoƙi ne za ta sake ka.

Wasan yana da ladubbansa. Igiya ɗaya ta mutum ɗaya ce, kuma wanda ya fi kusa da inda ta fara fashewa shi ke da ita. Ba a sakin allo idan akwai mutum a baya. A wuraren da ake kafa tutoci, tsakanin tutoci masu launin ja da rawaya nan ne wurin iyo da ake sa wa ido, tuta mai baƙi da fari ta masu allo ce, jar tuta kuwa gargaɗi ce cewa ruwan yana da haɗari, kada a shiga. Wurare da yawa a gaɓarmu ba su da tuta ko ma'aikacin ceto. A irin nan sai a tambayi masunta da mutanen wurin, su suka san inda ruwa ke ja. Kuma abin da aka gani a kan yashi mai kama da shuɗiyar leda mai dogayen zarurruka kada a taɓa shi, wata halittar teku ce mai harbi, ko ta mutu dafinta yana aiki.

Bayan fitowa

Awa ɗaya da rabi zuwa biyu ta ishi mai koyo. Yawancin raunuka suna zuwa ne lokacin da jiki ya gaji amma zuciya tana cewa saura ɗaya. Ana fitowa, a wanke jiki da ruwan daɗi, a ci abinci, a huta a inuwa. Kafin a tafi ana sake yin 'yar miƙar jiki ta minti 10 domin kafaɗu da baya. Duk da haka washegari sai ka ji ciwo a wuraren da ba ka san akwai tsoka ba. A kwashe leda da robar ruwa, a kuma kama kwalekwalen komawa tun da sauran rana.

Lura ta musamman game da dogon hutu

Mu a Disamba muka je, lokacin da tekun yankinmu yakan ɗan lafa. Dogon hutu kuwa yana faɗowa ne a watannin Yuli zuwa Satumba. A lokacin ƙasashen kudancin duniya suna cikin hunturu, manyan guguwowi suna kaɗawa a kudancin Atlantika, igiyoyinsu kuma suna isowa gaɓar Afirka ta Yamma da ƙarfi. Wato lokacin da muka fi zuwa shi ne lokacin da teku ya fi fushi. Ƙwararrun masu hawa suna murna da wannan lokaci, mu baƙi kuwa sai mu ninka hankali.

Don haka ga wanda iyayensa suka amince ya gwada, ga tambayoyin da babba zai yi kafin a biya kuɗi: Yara nawa ne a hannun mai horarwa ɗaya? Ya sami horon ceto da taimakon gaggawa? Allon soso za a ba mu? A wane zurfi za mu tsaya? Idan ruwa ya yi ƙarfi yau, za a ɗage darasin? Wanda ya ji haushin waɗannan tambayoyi, a nemi wani.

Ga wanda kuma kallo kawai zai je yi, ya riƙe waɗannan: kada ya je shi kaɗai, kada ya shiga ruwa da dare, kada ya hau duwatsun da igiya ke duka don ɗaukar hoto, ya zauna ya kalli ruwan na minti 10 kafin ya jiƙa ƙafa, kuma ya riƙe hannun ƙannensa.

Akwai abin da za mu iya farawa tun daga nan. Tsayuwar bishiya, da katako, da numfashin huɗu da shida ba sa buƙatar teku, tabarma ta isa. Wanda yake da damar koyon iyo a wurin da akwai babba mai sa ido ya fara da koyon kwanciya rigingine a saman ruwa. Kafin mu rabu don hutu, muna roƙon kowa ya zana hoton ƙoramar cikin teku a bayan littafinsa, kumfa hagu da dama, duhu a tsakiya, ya nuna wa mutanen gidansu ya yi musu bayani.

Waɗanda suka je bakin teku a wannan hutu su kawo mana labarin abin da suka gani, za mu liƙa a nan idan an dawo. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.